Koci ko 'yan wasa: wa ke da laifi idan ƙungiya ta kasa taɓuka abin kirki?

Da zarar Katsina United ta jera wasa uku ko huɗu ba ta ci ba, gardama iri ɗaya ce ke tashi a majalisun Ƙofar Ƙaura da Sabon Layi, har zuwa teburan masu shayi na Daura da Funtuwa. Wasu su ce a sallami koci, bai iya zuba 'yan wasa ba, bai san lokacin canji ba. Wasu su ce ai koci ba ya shiga fili, yaran ne ba su da kishi, ƙarshen wata kawai suke jira. Su kuwa mahukuntan ƙungiyoyin ƙasar nan sun daɗe da sabawa da magani ɗaya: a ba koci wa'adin wasa biyu ko uku, in bai gyara ba ya kama gabansa. Wani lokaci kuma a haɗa da barazanar rage wa 'yan wasa albashi har sai sakamako ya canza.

Kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Amma kafin a auna hujjojin, sai an fara sanin wane aiki ne a hannun wa, domin ba a tuhumar mutum kan abin da ba shi ya yanke ba.

## Wa ke riƙe da me

Koci, wato mai horarwa, shi ne ke tsara atisaye, ya zaɓi mutum 11 da za su fara, ya faɗa wa kowa inda zai tsaya da wanda zai riƙe, ya yi canji idan wasa ya rikice. Tun 2020 aka ƙara yawan canjin da ake yi a wasa ɗaya daga uku zuwa biyar, wanda hakan ya ƙara wa koci iko a kan minti 30 na ƙarshe, ya kuma ƙara masa abin da za a zarge shi da shi. A ƙungiyoyin Najeriya akan kira babban kocin da sunan mai ba da shawara kan dabarun wasa, a ƙarƙashinsa kuma akwai mataimaka da mai horar da masu tsaron raga da mai kula da ƙarfin jiki.

Sai dai ba kowane koci ke da iko iri ɗaya ba. Alex Ferguson, a shekara 26 da ya yi a Manchester United, shi ke faɗin wa za a saya, wa za a sayar, wa za a ƙara wa albashi. Yawancin kociyoyin yau ba su da rabin wannan. A nan gida ma abin ya fi haka: koci kan zo ya tarar an gama rajistar 'yan wasa, wasu shugaban ƙungiya ne ya kawo su, wasu dillali ne ya cusa su, wani kuma yaron wani babba ne da ba a iya ce masa a'a.

'Yan wasa su ke da aiwatarwa. Gudu, riƙe abokin hamayya, ba da ƙwallo inda ya dace, kula da jiki da barci da abinci, da kame kai kada a jawo jan kati a banza.

Akwai kuma ɓangare na uku da gardamar majalisa ke yawan tsallakewa, wato mahukunta: shugaban ƙungiya da kwamitinsa, da wanda ke ba su kuɗi. Su ke ɗaukar koci, su ke sa hannu a kwantiragin 'yan wasa, su ke biyan albashi da alawus, su ke shirya mota da masauki. Ga ƙungiya irin Katsina United, wannan sarƙa tana ƙarewa ne a gwamnatin jiha.

Ita ma kalmar "matsala" ana cakuɗa ta. Gasar Firimiyar Najeriya ƙungiya 20 ce, kowace ta buga wasa 38, huɗu na ƙasan teburi su faɗa ƙaramar gasa. Rashin nasara a wasa huɗu a jere a cikin 38 abu ne da kan sami har ƙungiyar da za ta ɗauki kofi, musamman idan uku daga ciki a waje aka buga. Shekara uku ana fafutukar tsira a makon ƙarshe kuwa wani ciwo ne daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

## Ƙwallo ɗaya, masu laifi huɗu

A ɗauki misali irin wanda duk mai zuwa filin Muhammadu Dikko, wanda har yau mutane ke ce wa Karkanda, ya taɓa gani. Ana minti na 86, ana 1-1. Baƙi suka sami kwana. Aka bugo ta sama, ɗan bayansu mai tsawo ya taso shi kaɗai ya sa kai, ta faɗa raga. Wanda aka ba shi ya riƙe yana taku biyu a bayansa, hannu a ƙugu.

Daga kan tsani abin a fili yake: wancan mai lamba 5 ne ya yi barci. In an sa masa ya riƙe mutumin nan, an maimaita a atisaye, ya tsaya kallon ƙwallo, to laifinsa ne, babu kwana-kwana.

Amma me ya sa hannunsa ke ƙugu? In tun minti na 70 yake jan ƙafa, koci yana da sauran canji biyu bai yi ba, laifin ya koma benci. In kuma koci ya waiga benci ya ga babu ɗan baya ko ɗaya da zai iya amincewa da shi, saboda wanda ya nema a farkon kaka ba a sayo ba, an kawo masa 'yan gaba uku da bai nema ba, to maganar ta bar fili ta shiga ofis. In kuwa ƙungiyar ta dawo ne daga Aba ranar Juma'a da dare bayan wasan tsakiyar mako, ta kwana biyu a hanya, aka ce ta fito Lahadi, akwai kason masu tsara jadawali da masu tsara tafiya.

Mai kallo yana ganin matakin farko ne kaɗai. Sauran ukun sun faru inda idonsa bai kai ba, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa: kowa yana da gaskiya a kan abin da ya gani.

## Hujjar masu cewa koci ne

Babbar hujjarsu ita ce lokutan da aka canza koci kaɗai, 'yan wasa na nan yadda suke, sakamako ya juye. Magoya bayan Chelsea, waɗanda ba su da kaɗan a gidajen kallon Katsina, suna da misali biyu a baki. A Maris 2012 aka kori André Villas-Boas, mataimakinsa Roberto Di Matteo ya karɓa, a watan Mayu suka ɗauki Kofin Zakarun Turai. A Janairu 2021 aka kori Frank Lampard, Thomas Tuchel ya zo, wata huɗu bayan nan suka sake ɗaukar kofin.

Misalin da ya fi yi wa 'yan Najeriya ciwo shi ne na Kwaddibuwa a gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2024. Ikwatoriyal Gini ta zuba musu 4-0 a gidansu, aka sallami Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, aka miƙa wa Emerse Faé. Da waɗannan 'yan wasan ya fitar da Senegal da Mali da Kongo, ya doke Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairu.

A gida ma akwai. Kennedy Boboye ya ci gasar Firimiya da Plateau United a 2017, ya sake ci da Akwa United a 2021, kuma dukansu biyun ba su taɓa ɗaukar kofin ba kafin zuwansa. Mutum ɗaya, garuruwa biyu, 'yan wasa daban. Da wuya a ce duk sa'a ce.

Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa yawancin abin da ake kira rashin kishin ɗan wasa, rashin tsari ne. Ɗan tsakiyar da ke zirga-zirga bai san inda zai tsaya ba, ba lallai ne malalaci ba. Ba a faɗa masa ba ne, ko an faɗa masa abu uku masu karo da juna. Ƙungiyar da ke gajiya a kowane minti 20 na ƙarshe, atisayenta ne ke da gyara. Wadda ake ci da kwana mako bayan mako, ba a zauna an koya mata tsayuwa ba. Haka kuma riƙe ɗakin 'yan wasa aikin koci ne: wanda ya fifita wasu, ko ya ci mutuncin babban ɗan wasa a gaban yara, ko ake raɗe-raɗin sai an ba shi wani abu yake sa mutum a wasa, shi ya kashe wa kansa kasuwa.

## Hujjar masu cewa 'yan wasa ne

Su kuma waɗannan sukan ce ko tela ya kai gwani, in yadin da aka kawo masa kamu uku ne ba zai fitar da babbar riga ba. Koci na iya tsara yadda ƙwallo za ta isa gaban raga sau biyar, amma ba shi zai buga ta ba. In ɗan gaba ya ɓarar da fenariti, ko gola ya saki ƙwallon da yaro zai kama, babu dabarar da ta rage.

Suna da goyon bayan masu bincike a wani ɓangare. Masanin tattalin arziki Stefan Szymanski ya bi lissafin kuɗin ƙungiyoyin Ingila na shekaru masu yawa, ya nuna cewa in aka duba tsawon lokaci, yawan albashin da ƙungiya ke biya shi ke bayyana mafi yawan bambancin matsayinta a teburi. Ma'ana, wanda ya iya sayen gwanaye shi ke sama, ko wa ke benci. Wani masanin, Bas ter Weel, ya duba gasar Holan daga 1986 zuwa 2004. Ya kwatanta ƙungiyoyin da suka kori koci bayan sun shiga mummunan yanayi da waɗanda suka shiga irin yanayin amma suka haƙura. Duka biyun sun farfaɗo, kusan daidai wa daida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ana korar koci ne a lokacin da abubuwa suka fi lalacewa, daga nan kuwa yawanci sai dai a ɗan taso, ko an canza ko ba a canza ba. Sabon koci ya zo ya tarar da tashin, a ce shi ya kawo shi.

Ko labarin Kwaddibuwa ma yana da wannan fuskar. Ba don Maroko ta doke Zambiya a wasan rukuni na ƙarshe ba, abin da ya ba Kwaddibuwa damar tsallakewa zagaye na gaba, da Faé bai sami wasan da zai jagoranta ba. Senegal kuma a bugun fenariti aka fitar da ita.

Akwai wata hujja mai kaifi biyu. José Mourinho ya ci gasar Ingila da Chelsea a Mayu 2015; zuwa Disamba an kore shi, ƙungiyar tana ta 16, ta sha kashi sau tara a wasa 16. Claudio Ranieri ya ɗauki kofin da Leicester a 2016, aka sallame shi a Fabrairu 2017, sai ga yaran sun ci wasa biyar a jere a gasar a ƙarƙashin mataimakinsa. Masu zargin koci su ce ka gani, da ya tafi aka warke. Masu zargin 'yan wasa su ce a'a, mutumin da ya ci kofi wata tara da suka wuce bai manta aikinsa ba, yaran ne suka janye ƙafa har sai da suka ga bayansa. Daga waje babu mai iya tantance wanne ne, kuma mai yiwuwa duka biyun sun faru a lokaci guda.

Manchester United kuwa ta rikita lissafin kowa. Tun da Ferguson ya yi ritaya a 2013, Moyes da Van Gaal da Mourinho da Solskjaer da Ten Hag da Amorim duk sun zauna a kujerar, ba wanda ya ɗauki gasar, har a kakar 2024/25 ta ƙare a ta 15. Wannan kamar ya wanke kociyoyi. Amma su ma 'yan wasan an sauya su kaf, ba sau ɗaya ba. Abin da ya fi daɗewa bai canza ba a shekarun nan shi ne masu ƙungiyar da tsarin da ake bi wajen saye.

## Inda gasar Najeriya ta sha bamban

Duk waɗancan misalan na Turai sun faru ne a inda albashi ke shiga a kan lokaci, ake tafiya a jirgi, fili yake kamar darduma. Ɗauko hukuncinsu a ɗora wa ƙungiyar da ke Katsina sai an yi hattara.

Na farko, mallaka. Yawancin manyan ƙungiyoyin ƙasar nan na gwamnatocin jihohi ne: Kano Pillars, Enyimba, Rangers ta Inugu, Plateau United, Wikki Tourists, El-Kanemi Warriors, Rivers United, da ita Katsina United. Kuɗinsu daga baitulmali yake fitowa, ba daga tikiti ko tallace-tallace ba. Idan fayil ya maƙale a wani ofis, albashi da alawus ɗin wasa sun maƙale. Idan gwamnati ta canza, kwamitin gudanarwa kan canza, sabon kwamiti kuma yakan zo da kocinsa, kocin ya zo da yaransa. Bashin albashi tsohon kuka ne a gasar, kuma an sha ganin 'yan wasan ƙungiyoyi daban-daban suna ƙin fita atisaye ko suna zanga-zanga a kai. Ɗan wasan da mai gidan haya ke kira, matarsa na jiran kuɗin cefane a Jos ko Inugu, ba za a auna gudunsa da ma'aunin wanda asusunsa ke cike ba. Kocin da ke ce masa ya mutu a fili, shi ma sau da yawa yana bin nasa bashin.

Na biyu, rashin zama. Kwantiragin 'yan wasa da yawa gajere ne, kuma wanda ya haska kaka ɗaya yakan tafi, ko ƙungiyar da ta fi biya ko ƙasar waje. Ba abin mamaki ba ne ƙungiya ta fara sabuwar kaka da sababbin fuskoki fiye da goma. Fahimtar juna tsakanin 'yan baya biyu da gola ba a sati shida ake gina ta ba. Benci ma haka: Abdullahi Biffo da Henry Makinwa da Usman Abdallah da Tony Bolus duk sun riƙe Katsina United a 'yan shekarun nan, kowa da salonsa da irin ɗan wasan da yake so. Wanda aka sayo don salon wancan yakan zama kaya a hannun wannan.

Abin lura a nan shi ne Remo Stars ta Ikenne, wadda ta ɗan kasuwa ce ba ta gwamnati ba. Ta zo ta biyu a 2023, ta sake zuwa ta biyu a 2024, ba ta taɓa kocinta Daniel Ogunmodede ba, a 2025 ta ɗauki kofin karon farko. Misali ɗaya ba ya zama doka, amma ya nuna abin da haƙuri da biyan haƙƙi kan iya haifarwa a wannan gasar.

Na uku, hanya. Katsina tana can ƙurewar arewa. Zuwa Legas ko Fatakwal ko Aba ya haura kilomita 1,000, kuma yawanci a mota ake yi. Mutum ya wuni ya kwana gwiwa a lanƙwashe, ya sauka a gari mai ruwa da gumi, shi da ya baro busasshen zafin Afrilu, washegari a ce ya yi minti 90. Wannan na cikin dalilan da suka sa cin wasa a waje ya daɗe yana wahala a gasar Najeriya, tare da matsin 'yan kallo da ƙorafin da ba ya ƙarewa kan alƙalanci. Saboda haka lissafin tsira a nan shi ne ka cinye na gida, ka roro maki ɗaya-ɗaya a waje. Canjaras a Karkanda yakan fi shan kashi a Aba zafi, kuma shi ke tayar da maganar wa'adi.

Kakar 2021/22 ta haɗa duk waɗannan a wuri ɗaya. Katsina United, wadda ta hau babbar gasa a 2016, ta faɗi a wannan kakar tare da Heartland da MFM da Kano Pillars. Pillars ɗin da ta ci kofi huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A Afrilun 2022, a wasan ƙungiyoyin biyu a filin Sani Abacha, rikici ya tashi, aka farfasa motar Katsina United, hukumar gasar ta ci Pillars tara ta kuma cire mata maki uku. Waɗannan maki uku ba koci ne ya zubar da su ba, ba ɗan wasa ba ne. Katsina United da Pillars duk sun dawo babbar gasa a 2023. Akwa United ma, shekara huɗu bayan kofinta, ta faɗi a 2025. Irin wannan hawa da sauka cikin gaggawa ya fi kama da alamar ƙungiyoyin da ba su da ginshiƙi fiye da alamar kociyoyin da ke mance aiki dare ɗaya.

Tsofaffin magoya baya kan tuna cewa Katsina United ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, ta rasa duka ukun a hannun Shooting Stars da Julius Berger da Eagle Cement. Har yau akwai mai cewa rashin sa'a ne, akwai mai cewa wani abu ya gaza. Amma kai wa ƙarshe sau uku a jere ba aikin ƙungiya mara koci ko mara 'yan wasa ba ne.

## Me ya sa kullum koci ne ke fara tafiya

Lissafi ne mai sauƙi. Ba a iya korar mutum 30 a tsakiyar kaka. Rajistar sababbi sai an buɗe kasuwa. Koci kuwa mutum ɗaya ne, takarda ɗaya ta ishe shi. Korarsa tana kwantar da 'yan kallo na sati biyu, tana nuna wa gidan gwamnati cewa ana wani abu, tana kuma kawar da ido daga wanda ya ɗauko shi tun farko. Shugaban ƙungiya ba zai kori kansa ba.

Wa'adin wasa uku yana da nasa illar da ba a cika faɗa ba. Kocin da ya san saura masa wasa uku ba zai sa yaro ɗan shekara 18 daga ƙaramar ƙungiya ba, komai kyawunsa. Zai koma kan tsofaffin hannu, ya tare gida, ya nemi kada a ci shi. Su kuma 'yan wasan da ba sa shiri da shi sun sami labarin cewa sati uku kawai za su jure. In wasannin ukun biyu a waje suke, kusan an riga an yanke hukunci kafin a busa.

Wannan ba ya nufin kora ba ta taɓa zama daidai. In ɗaki ya watse, manyan 'yan wasa ba sa magana da koci, kowane atisaye sai an yi cacar baki, to ko wa ya fara, raba su ya fi sauƙi ta hanyar cire mutum ɗaya.

## Alamomin da mai kallo zai iya dubawa

Kuskure iri ɗaya da ke maimaituwa ko an canza mutane yana nuna benci. In ko wa aka sa a baya ana cin ƙungiya da kwana, ko tana rushewa bayan minti 70, ko an dawo hutun rabin lokaci ba abin da ya sauya alhali kowa ya ga inda ake shigo mata, wannan aikin koci ne.

Kuskuren da ke bin mutum ɗaya ko biyu yana nuna su. Ƙungiya na samar da damar ci biyar a kowane wasa ana zubarwa, ko ɗan wasa ɗaya ya karɓi jan kati biyu a wata guda kan faɗa da alƙali. Sai dai in an kai wasa na goma ana sa shi alhali akwai madadinsa, koci ya shiga ciki.

In kuwa an canza koci sau biyu ko uku, an canza rabin 'yan wasa, ƙungiya na nan inda take a teburi, tambayoyin da suka rage na ofis ne. Wa ya zaɓo waɗannan 'yan wasan? Yaushe rabon a biya alawus? Kwana nawa kafin wasa ake isa gari? Akwai likita da mai gyaran jiki na dindindin? Wata nawa aka yi ana shiri kafin kaka? Waɗannan ba a ganinsu a minti 90, kuma ƙungiyoyin gwamnati ba su saba buga lissafin kuɗinsu ga jama'a ba, don haka mai goyon baya yakan yanke hukunci ne da rabin bayani.

Yana da kyau kuma a duba jadawali kafin a ɗaga murya. Maki biyu a wasa huɗu da aka buga da manyan teburi, uku a waje, ba daidai yake da maki biyu a gida da 'yan ƙasan teburi ba.

## Abin da ke shafar mutanen gari

Kuɗin da ake sallamar koci da shi, da wanda ake ɗauko sabo da shi, da na 'yan wasan da sabon zai ce sai an kawo masa, duk daga asusun jiha suke fita, asusun da makarantu da asibitoci ke jira. Kocin da aka kora ba bisa ƙa'idar kwantiragi ba yana iya kai ƙara gaban hukumar ƙwallon ƙafa, in baƙo ne ma har FIFA, kuma ƙungiyar da ta ƙi biyan irin wannan bashi ana iya hana ta rajistar sababbin 'yan wasa.

Faɗawa ƙaramar gasa kuma ba a teburi kaɗai take tsayawa ba. Ranar da Pillars ko Enyimba ko Rangers suka zo Katsina, masu ruwan leda da rake da gyaɗa da tsire, da 'yan acaɓa da masu Keke Napep, da masu masaukin baƙi, duk suna ganin bambanci a aljihunsu. A ƙaramar gasa baƙin ba su da wannan jan, wasannin gida ma sun ragu. Haka abin yake idan fushin 'yan kallo ya kai ga jifa ko shiga fili: hukuncin da aka saba yankewa shi ne tara, ko rufe ƙofa a buga ba 'yan kallo, ko a mayar da wasannin gida wani gari. Ƙungiyar da ƙarfinta ke gida ta rasa gidan, masu sana'ar bakin fili su rasa kasuwa, kuma kocin da aka yi fushin dominsa ya ƙara shiga tsaka mai wuya.

Sai yaran unguwa. Matashin da ke taka leda a filayen Daura ko Dutsin-ma ko Malumfashi, ƙofarsa mafi kusa zuwa babbar gasa ita ce ƙungiyar jiharsa. Wanda zai buɗe masa ita shi ne kocin da ke da tabbacin zai kai baɗi, wanda zai iya jure kuskuren yaro na wasa biyar don ribar kaka biyu masu zuwa. Duk lokacin da kujerar ta zama ta wata shida, sabon mai zama yakan zo da waɗanda ya sani daga inda ya fito, yaron gida kuma ya ci gaba da zama a ƙaramar ƙungiya ko ya nufi Kano da Kaduna neman gwaji.